A Kai Wa Baban Jos Dawa

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, motoci suka cika titinmu a Pleasant Garden, a gefen Greensboro nan ƙasar Turawa, har suka gangara bakin gonar maƙwabci. Mutanen masallaci na falo ana ta fatiha, wani na tashi wani na zama. Matan zumunta na cocin su Baban Jos, aminin Baba, kuwa kicin ɗin Mama suka mamaye da kulolin shinkafa da gwate. Ba su nemi izinin kowa ba, suka ɗaura zani suka kama aiki. Ɗaya daga cikinsu tana yanka albasa tana hawaye, duk wanda ya dube ta sai ta ce albasar ce. Wasu samari da ban taɓa gani ba, ɗaliban jami'a masu haya a Glenwood, suka cunkusu a mota guda suka zo. Babbansu ya durƙusa gaban Mama ya ce tun da ya zo ƙasar nan bai ci farfesun da ya tuna masa gida ba sai na Baba.

"Kurege ka ci, ɗana," in ji Mama.

"Na sani, Hajiya. Shi ya gaya mana, bayan mun suɗe kwano."

Maƙwabcinmu Bature, tsohon manomi, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu. Ya ga takalma a jere, ya dubi nasa masu laka, ya ƙi shiga. Da Turancinsa na nan kudu mai jan kalma ya ce mini shekara da shekaru suna shinge ɗaya da mahaifina, ko sau ɗaya harsashinsa bai taɓa tsallakawa gonarsa ba. Ya mayar da hularsa ya tafi. Na ce a raina wannan kuma wace irin ta'aziyya ce. Sai daga baya na gane a wurinsa babu yabon da ya wuce wannan.

Mutum ɗaya ne bai shiga falo ba, bai leƙa kicin ba: Baban Jos, aminin Baba, tsohon direban bas, dattijo a cocinsu. Ya zaga baya ya zauna a barandar da ke kallon lambu, a kan kujerarsa, kusa da kujerar Baba. Aka kai masa abinci, ya huce a gabansa. Da na je na durƙusa na gaishe shi, sai ya ce, "Yayarsu, yau da wa zan yi faɗa?" 

Yayarsu shi ne sunan da Baba ke kirana da shi, don ni ce 'yar fari, bakinsa bai taɓa kama sunana ba. A Zariya aka haife ni, na zo nan da wayona. Ƙanena kuwa a nan aka haife shi, Hausarsa rabi da rabi ce, kuma ba ya barin magana ta kwana. Tun baƙi ba su gama watsewa ba ya ja ni gefe a kicin.

"Yaya, in Mama ta fita takaba za ta dawo wurina a Sedgefield. Akwai ɗaki, akwai komai. We can't leave her out here alone."

Na ce na yarda. Ashe Mama na bayan ƙofa.

"Lambuna fa?"

"Mama, wane lambu? Baba ne ke tsaron shi. Groundhog ɗin nan zai cinye komai kafin ma ki fita takaba."

Dabbar da yake nufi Baba gyazbi yake ce mata, ko da yake ba gyazbinmu na gida ba ne. Gajere ne mai ƙiba, yana haƙa rami a ƙarƙashin ɗakin kaya, ya yi barci duk tsawon sanyi, ya tashi da yunwa daidai lokacin shuka. A yini guda zai aske kunyar wake tas.

Mama ta gyara mayafinta ta ce, "To, mu yi haka. In ya cinye, na bi ka. In bai cinye ba, ina nan gidan mijina."

Ƙanena ya amsa da sauri, don yana ganin ya riga ya ci. Ni ma haka na gani. Mabuɗin akwatin ƙarfen da Baba ke kulle bindigoginsa yana cikin jakata, kuma na ƙudurta a raina da an yi sadakar bakwai zan kira shagon da ke saye su zo su kwashe. Na san lambun nan shi ne abin da ke tayar da Mama da safe. Irin yakuwa da rama da gauta da take shukawa, jikokin waɗanda ta zo da su ne tun zamanin da muke haya a Glenwood, tana shuka a tsohon bokiti a bayan gida. Amma ni nas ce, na ga abin da bindiga ke yi wa jikin mutum, kuma ban ga dalilin da zai sa ta kwana a gida ɗaya da tsohuwa ita kaɗai ba.

Akwai kuma wasiyya a wuyana. Da safiyar ranar da zai cika, a asibiti, Baba ya kama hannuna. Muryarsa ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

"Yayarsu."

"Na'am, Baba."

"A kai wa Baban Jos dawa. Ki ce masa acca ba za ta iya ba."

Dariya ta kama ni a tsakiyar kuka. Na ce a raina, mutumin nan har a gadon mutuwa bai bar gardamar tuwo ba. Da na gaya wa Mama, ta dube ni ta ce, "Wasiyya ce. Ki kai masa." Na tambaye ta mudu nawa. Ta ce abin da ya samu.

Duk wanda ya san gidanmu ya san gardamar nan. Kowace Asabar da la'asar Baban Jos zai faka tsohuwar motarsa, su zaga baranda, Mama ta kai musu shayi, a buɗe fage. Baba ɗan ƙauyen Zariya, Baban Jos ɗan kan dutse, to me ya fi dacewa su yi faɗa a kai in ba hatsi ba? Muna ciki muna jiyo su.

Baba ya ce, "Acca ba ta da nauyi, Malam. Abin da iska ke wasa da shi."

"Alhaji, kafin iska ya san an yi, acca ya riga ya isa. Geronka fa? Ko tsakiyar lambu ba ya kai, ya gaji."

"Gero bai taɓa ɓata mini nama ba."

Mu dai muna ɗauka tsufa ne. Wani lokaci maganar ba ta hawa kan tuwo sosai, amma wa ke bin diddigin hirar tsofaffi? Wata rana na ji Baba yana cewa masara ba ta dace da unguwa ba, maƙwabta za su ji. Na ce wa mijina lallai a fara lura da Baba.

Baba ba mai yawan magana ba ne in ba a wannan baranda ba. Ya yi aikin ɗaga kaya da mota a wani sito har ya yi ritaya, bai taɓa kawo labarin wurin aiki gida ba. Amma yana da tambaya guda da yake yi wa komai na duniya: "Me ke bayansa?" In ƙanena ya zo da zancen mota mai araha, me ke bayanta? In aka ce an ƙara mini matsayi a asibiti, me ke bayansa? Ranar da mijina ya turo manyansa, Baba ya saurare su har suka gama, ya yi musu godiya, da suka fita ya juyo ya ce wa Mama, "Yaron dai na gan shi. Me ke bayansa?" Sai da aka buga waya har Funtuwa kafin ya amsa. Tambayar nan ta sha ba ni haushi. Ban san daga bakin mahaifinsa ya ɗauko ta ba, maharbi mai bindigar toka, wanda ba ya barin yaro ya ɗaga bindiga sai ya faɗi abin da ke bayan dabbar: tudu ne, ko hanya, ko bukkar wani.

Don wannan tambayar ya sayi gidan Pleasant Garden. Mun ga gidaje da suka fi shi kyau, ya ƙi. Wannan kuwa ko ɗakunan bai gama dubawa ba ya zaga baya, ya ga fili mai tsawo, a ƙarshensa tudun jar ƙasa ya tashi ya tare komai, bayan tudun kuma daji. Ya tsaya yana kallon tudun nan yana murmushi. Mama ta ce ita ma ta ga ƙasar za ta yi yakuwa. Rufin yana yoyo, kicin ɗin ɗan tsut, amma a ranar suka gama shawara.

In kaka ta yi, ganye ya zube, lokacin farautar kurege ya buɗe, yakan sabunta lasin ɗinsa tun kafin ranar, ya sa riga mai ruwan lemo a kan jallabiya. Mama ta ce ya yi kama da mai gyaran titi, shi ko a jikinsa. Ba ya taɓa kunamar bindiga sai ya yi bismilla, kuma wuƙa na aljihunsa, in ya tarar da sauran rai ya yanka. Kurege da zomo yana ci. Gyazbi kuwa ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, amma ba ya yarda a jefar. Sai ya sa a leda ya kira Baban Jos, matarsa ta babbake ta yi masa miya. Yakan ce abin da ba shi da mai ci, ba shi da dalilin mutuwa, in ba ya zo cin abincin Hajiya ba, shi ma sai an nemo masa mai ci. Kuregen da ya yi yawa shi ne yake dafawa da kansa, da attaruhu da citta da kanumfari, ya zuba a kula ya kai wa ɗaliban Glenwood. Ni ban san yana yi ba sai ranar zaman makoki.

Faɗanmu da shi ɗaya ne, kuma babba. Lokacin da ɗana ya fara rarrafe na zo gidan na ga kwanson harsashi a kan teburin baranda. Na yi tsalle na dire na ce ko bindiga ko jika, ya zaɓa. Na faɗi maganganu da 'yar fari ba ta faɗa wa uba. Ya bar ni na gama, bai ɗaga murya ba. Da sati ya zagayo na tarar da akwatin ƙarfe mai tsayin mutum an kafe shi da bango a ɗakin kaya. Ya miƙo mini mabuɗi ɗaya ya ce, "Ki riƙe. Ranar da kika ga hannuna na rawa, ki karɓe nawa." Na ce kuma ban yarda yarana su ji kalmar bindiga ko harsashi a gidan nan ba. Ya ce, "An gama." Kuma aka gama. Tun daga ranar ban sake jin kalmomin nan a bakinsa ba, na yi ta jin daɗi ina ganin na yi nasara.

Sau ɗaya tak na ga Asabar ta wuce babu motar Baban Jos, ta biyu ma ta wuce, har abin ya kai wata. A lokacin ana rikicin addini a can gida ƙasarmu, wayoyin kowa cike da hotuna marasa daɗi. Mutanen masallaci suka fara raɗa, mutanen coci ma haka: to, abin ya zo har Greensboro, ya raba Alhaji da Malam. Raina ya ɓaci ƙwarai, don abotar nan tana cikin abubuwan da nake taƙama da su. Na tambayi Baba, ya ce ba ruwana. Sai wata Asabar ga Baban Jos da kula a hannu, gwaten acca matarsa ta yi. Ya ajiye a gaban Baba. Baba ya buɗe, ya ci cokali uku, ya ce, "A kwano dai ba ta da laifi." Shi ke nan aka koma gardama.

Bayan sadakar bakwai na je shagon 'yan Ghana na sayi buhun jar dawa, wanda ya fi girma a wurin. Na ce wasiyyar uba ba a yi mata ƙwauro. Mai shagon ya taya ni sawa a but ɗin mota. Na tuƙa zuwa Glenwood, inda Baban Jos da matarsa suke a ɗan gidansu tun zuwansu ƙasar nan. Na jawo buhun har bakin ƙofa ina haki.

"Baba, saƙon amininka ne. Ya ce a kawo maka dawa. Ya ce in gaya maka acca ba za ta iya ba."

Ya dubi buhun, ya dube ni. Leɓensa ya fara rawa. Na ɗauka kuka zai yi, ashe dariya ce, irin wadda ke durƙusar da mutum. Ya dafa ƙofa, ya zauna a kan buhun, yana dariya hawaye na zuba, har matarsa ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko lafiya. Can dariyar ta juye ta zama kukan gaske. Muka tsaya muka bar shi ya yi.

Da ya share fuska ya ce in shigo. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan gwangwani, ya zazzage a kan tebur. Kwansunan harsashi ne da aka riga aka harba, da kawunansu daban. Ya jera su.

"Yayarsu, wannan gero." Ya nuna ɗan guntu. "Twenti-tu, lambarsa ke nan, na kowa da kowa. Ga araha, ba ƙara, ba ya ɓata nama. Da shi Babanki yake kurege da zomo. Amma ba ya nisa, in ya wuce tsakiyar lambu sai ya fara sunkuyawa. In ya bugi dutse kuma yana iya tsalle ya tafi inda ba a aike shi ba, shi ya sa Alhaji ba ya harbi sai tudu na baya."

Ya ɗauki wani mai siririn wuya, ya riƙe shi da wani irin so.

"Wannan acca, sebintin. Nawa ke nan. Ƙarami, amma gudu. Yana tafiya a miƙe, inda ka sa ido nan zai sauka, ko daga baranda zuwa gindin tudu. Laifinsa ɗaya, da ya taɓa abu sai ya fashe. Kurege in ba a kai ka same shi ba, ka yi asarar miya."

Na jawo kujera na zauna.

"Wannan kuma dawa. Twenti-tu magnum. Kaurinsa ɗaya da gero, amma dubi tsawon kwanson. Ya ninka acca nauyi, in ya shiga yana ratsawa. Kowanne da bindigarsa, ba a sa na wannan a wancan. In Babanki ya ce dawa, har bindigar yake nufi, mai jan katako ɗin nan."

"Masara fa?" na tambaya, don na tuna.

"Tu-tu-tiri. Wannan na dila ne a babban fili. Alhaji bai taɓa saye ba, ya ce masara ba ta shiga tsakanin gidaje."

Ya ce sunayen sun girmi dokata. Wata rana suna shagon kayan farauta suna gardama da Hausa da ƙarfi, Baba da gemunsa da hularsa, kalmomin Turanci na bindiga suna faɗowa a tsakiyar maganar. Sai suka ga wata mata ta janye ɗanta, mai shago ya daina abin da yake yi. Ba wanda ya ce musu komai. Da suka shiga mota Baba ya ce, "Malam, daga yau hatsi muke saye." Da na zo na kafa tawa dokar, sai suka shigo da hatsin cikin gida.

"Wancan watan da ba ku magana fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Gyazbi ne. Wani babba, tsoho. Alhaji ya ce in bari ya ɗauko dawa, na ce acca zai iya. Na same shi a kafaɗa. Acca ya fashe a kan ƙashi bai shiga ba, dabba ya ja jiki ya faɗa rami ƙarƙashin ɗakin kaya. Babanki ya ɗauki shebur cikin zafin Yuli, ya haƙa har ya cim masa ya ƙarasa shi. Ya fito jiƙe da gumi ya ce mini, 'Mun zo hana shi cin wake ne, ba mu zo azabtar da shi ba.' Ni kuma girman kai ya hana ni in ce na yi kuskure. Mutane suna ta cewa addini ne. Mu muna jin su."

Ya tattara kwansunan ya mayar cikin gwangwani. Ya ce, "Gyazbi ya kusa tashi daga barci. Alhaji ya sani. Ba dawa ya aiko mini ba, Yayarsu, lambun Hajiya ya bar mini."

Na koma Pleasant Garden raina a dagule. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji kewar mahaifina fiye da ranar da ya rasu. Na tarar da Mama a kan darduma tana ware iri a faranti.

"Mama, kin san abin da dawa take nufi?"

Ba ta ɗago ba. "Shekara nawa ina kai musu shayi?"

"Kika bar ni na sayi buhu guda, na ja shi har Glenwood?"

"Da na ce miki bindiga ce, da kin kai?"

Ta san amsar. Da ban kai ba. Da na ce zafin ciwo ne ya sa shi sambatu, in kira masu shago, a kwashe akwatin, gyazbi ya yi aikinsa, a watan Yuli mu ɗauki Mama da akwatunanta mu kai ta ɗakin sama a Sedgefield, tana leƙen masu buga ƙwallon golf ta taga. Kuma da na yi haka ina ganin alheri na yi mata.

Mabuɗin ya yi kwanaki a jakata. Ban canza ra'ayi a kan bindiga ba, har yau ba na son ganinta. Amma na tambayi kaina tambayar Baba, na ga abin da ke bayan wannan bindigar guda: kunyoyin yakuwa, da tsohuwa mai son ta mutu a gidanta. Na tambayi limaminmu ko wasiyya ga wanda ba Musulmi ba ta halatta, ya ce ta halatta, a cika. Ƙanena ya yi ta ƙorafi da Turanci, amma ya bi mu aka yi abin da doka ta ce kan miƙa wa wani bindiga. Gero da sauran tarkace muka sayar. Dawa na miƙa wa Baban Jos da hannuna, da mabuɗin akwatin, da sharaɗin in ba ya nan tana kulle.

Buhun dawar kuwa Baban Jos ya ƙi ci. Ya ce ba zai iya tuwo da shi ba. Ya dawo da shi, suka raba wa mutanen masallaci da na coci sadaka, Mama ta ɗebi tafi biyu ta watsa a gefen shinge don ta gani ko za ta fito. Ta fito.

Ranar da Mama ta fita takaba muka taru a gidan. Dawar gefen shinge ta wuce kaina tsawo, yakuwa ta yi ja, kuɓewa na fure, wake ya hau sanda. Gefe guda na alayyafo ne kawai aka aske, tun farkon bazara, kafin Baban Jos ya gane sabon ramin. Yanzu ba Asabar kaɗai yake zuwa ba. Yana baranda a kujerarsa, bindigar a kan cinya, kofin shayi a ƙasa. Kujerar Baba tana inda take, ba mai hawa.

Na kai masa ƙosai na tsokane shi. "Baba, yanzu dai ka yarda dawa ta fi?"

"Wa ya gaya miki? Har gobe acca ya fi. A gidan nan ne kawai ba a cin shi."

Na koma kicin. Mama na tsinke yakuwa a tire, ƙanena na tsaye a bakin taga da makullin mota a hannu, yana kallon lambun, yana neman ta inda zai fara zancen Sedgefield. Ta tagar muka ga wani abu mai ruwan ƙasa ya fito daga gindin tudu ya nufi wake. Baban Jos ya ɗaga bindiga a hankali, ya yi ɗan fito. Gyazbin ya tsaya, ya miƙe a kan ƙafa biyu yana dube-dube. Na ga leɓen Baban Jos ya motsa. Daga baya na tambaye shi me ya ce, ya ce bindigar Alhaji ce, ba ta saba tashi ba sai da sunan Allah.

Ƙara ɗaya aka ji. Dabbar ta faɗi inda take tsaye, ba ta shura ba.

Mama ba ta ko ɗaga kai daga tire ba. "Dawa ce," ta ce. "Baban Jos ya ji magana."

Ƙanena ya juyo daga bakin tagar. Sannan ya sa makullin a aljihu, ya jawo kujera kusa da ita, ya ɗebi yakuwa ya fara tsinka yadda bai iya ba. Ya ce, "Mama, rufin nan yana buƙatar gyara kafin winter. Zan turo mutum."

"Ka turo," in ji ta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa abin da ke bayansa ya fi abin da ya bari. Mu da muka ci kuregensa, da mu da muka yi faɗa da shi, Allah ya haɗa mu da shi a inda ba a rabuwa. Mama tana nan gidanta. Ta ce in gaya wa duk wanda ya zo gaisuwa ya taho da leda, yakuwa ta yi yawa bana.